Idan Aikin Titi Zai Tayar da Shagonka a Katsina: Yadda Ake Neman Diyya, Sabon Wuri da Tallafi

Tun da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta fara aikin sabunta birane a Katsina da Daura da Funtuwa, tambayar da aka fi kawo mini a shagona na buga takardu ita ce: "Malam, ina fom ɗin tallafin tashi?" Wani a majalisa ya ji, wani kuma ɗansa ne ya gani a Facebook cewa akwai ƙasar da gwamnati ke kashe kuɗi don ofisoshi su koma garuruwan da kasuwarsu ta mutu. Gaskiya ne, amma can ne. A Ingila, a 2019, gwamnati ta ware fam biliyan 3.6 don farfaɗo da irin waɗannan garuruwa, kuma tana kwashe ma'aikatanta daga Landan zuwa wurare irin su Darlington, domin albashinsu ya riƙa zagayawa a can.

Namu tsarin daban ne. Kuɗin gyaran gari a nan yana tafiya ne a kwalta da lambatu da gada da fitilun titi. Kai da aikin ya biyo ta kanka, abin da za ka samu a rarrabe yake wuri uku: diyyar gini, sabon wuri in an yi rabo, sai tallafin sana'a wanda ba don tashinka aka yi shi ba amma kana da damar shiga. Ofisoshin daban-daban ne, sai dai duk abu ɗaya suke tambaya, takarda. Kuma takardar da ke aiki ita ce wadda ka tanada tun kafin a shafa wa bangonka jan fenti.

Me doka ta ce za a biya?

Ka fara da wannan, don kada ka ci bashi da sa ran kuɗin da ba za su zo ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallakar fili idan ana buƙatarsa don amfanin jama'a, kuma dole a ba mai filin sanarwa. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isar da sanarwar: a miƙa maka hannu da hannu, ko a bar ta a gidanka, ko a aiko ta gidan waya, ko in an rasa ka a liƙa ta a jikin ginin inda kowa zai gani. Saboda haka in ka ga takarda a ƙofa, kada ka yage ta cikin fushi. Ka ɗauki hotonta a inda take, ka ɓanɓare ta a hankali, ka adana.

Sashe na 29 shi ne na diyya, kuma nan ne mutane ke shan mamaki. Ba farashin fili a kasuwa ake biya ba, abin da ka ɗora a kan filin ake biya. In gini ne, a lissafa abin da zai ci a sake yin irinsa, sannan a cire tsufan da ya yi. Shuka da itatuwa masu amfani suna da nasu ƙiyasin. Filin kansa kuwa, abin da dokar ta ambata shi ne kuɗin harajin ƙasa da ka biya a shekarar da aka soke mallakar. To ka ga shago mai ƙofa biyu a bakin titin IBB, wanda dillali zai yi wa kuɗi mai kauri saboda kyan wuri, a takardar mai ƙiyasi bulo ne da kwano da siminti. Cinikin da za ka rasa, da sunan da ka yi shekaru kana kafawa a wannan kwana, dokar ba ta san da zamansu ba. A ganina nan ne ta fi cutar da ɗan kasuwa, domin magidanci yana iya sake gina ɗaki a bayan gari ya kwana lafiya, amma mai sayar da yadi ba zai iya ɗaukar masu wucewa ya tafi da su ba.

Abubuwa biyu ne a gefenka. Dokar ta ce in an yi jinkirin biyan diyyar gini, akwai ƙarin kuɗi bisa ma'aunin banki. Sannan sashe na 44 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta biyan diyya ba tare da ɓata lokaci ba ga duk wanda aka karɓi dukiyarsa.

Jakar takardu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ka ga 'yan sufiyo suna kafa na'urarsu mai ƙafa uku a layinku, ko ma kafin haka, ka sayi jakar roba mai zif ka fara tarawa. In kana da satifiket na mallaka ko takardar ba da fuloti, su ne na farko, tare da lambar fayil. In saye ka yi, ka nemo takardar cinikin mai sa hannun shaidu da tambarin mai unguwa. In wurin ya bi hannu uku kafin ya zo gare ka, ka nemi takardun ukun, domin sunan mutumin farko ne ke cikin fayil ɗin gwamnati, ba naka ba. Ka haɗa da rasit na harajin ƙasa da izinin gini daga Hukumar Tsara Birane. Ka kuma leƙa hukumar KATGIS, mai kula da bayanan filaye a kwamfuta, ka tabbatar abin da ke hannunka ya yi daidai da abin da ke wurinsu.

Mutanen cikin ganuwa, na wajen Ƙofar Soro da Gobarau da Tsohuwar Kasuwa, da yawa ba su da satifiket ko kaɗan, gida ne na kaka da kakanni aka fasa shago a jikinsa. Wannan ba ya nufin ba su da haƙƙi. Sashe na 34 na dokar filaye ya ɗauki wanda ke riƙe da ginannen wuri a birni tun kafin 1978 tamkar mai takardar mallaka. Abin da ake buƙata shi ne shaida: takardar mai unguwa, ta hakimi, da maƙwabtan da za su tsaya su ce gidan wane ne.

Inda aka fi samun cikas shi ne gidan gado da ba a raba ba. Magada goma sha, wasu a Kano, wasu a Maraɗi, mata suna gidan aure, kowa yana jin shi ne zai karɓa. In biyu suka kai ƙorafi a kan lamba ɗaya, abin da ofis zai yi shi ne ya riƙe kuɗin har ku daidaita. Ku zauna tun yanzu ku fitar da wakili ɗaya, a rubuta, kowa ya sa hannu har da matan, a kai kotun shari'a a tabbatar. Kuma a rubuta cewa wakilci ne na karɓa, rabon kuwa bisa gado za a yi shi.

Sai wani ƙaramin abu da ke tsayar da biya fiye da yadda za ka zata: suna. Mutum ɗaya, a takardar fili Audu, a NIN Abdullahi, a banki kuma an juya sunan uba ya zo gaba. Kullum sai na buga wa wani takardar rantsuwa a kan wannan. Ka jera takardunka a tabarma ka karanta sunan harafi bayan harafi, in akwai saɓani ka gyara tun ba a fara tantancewa ba.

Daga nan ka ɗauki waya ka yi bidiyon wurin, ciki da waje, da rana. Ka fara daga titi yadda za a ga shagunan da ke hagu da dama, ka shiga ciki kana faɗin kwanan wata da bakinka. Ka sa magini ya auna tsawo da faɗi ya rubuta maka. Ka tura bidiyon zuwa wayar wani naka, don waya tana ɓacewa.

Gaskiya ɗaya mai ɗaci: rumfar kwano da ka ƙara a gaban shago, da kwantenar da aka ajiye a kan lambatu, da barandar da ta cinye hanyar masu tafiya a ƙafa, in sun shiga hurumin titi ba tare da izini ba, kada ka sa su a lissafinka. A hanyoyin tarayya, irin na Kano da na Jibiya, hurumin mita 45.72 ne daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe. Na titunan jiha kuwa, Hukumar Tsara Birane za ta faɗa maka na layinku.

Ranar ƙidaya

Wannan rana ta fi ranar biya muhimmanci, domin abin da ba a rubuta ba a ranar, ba za a biya shi ba. Tawagar takan zo da mai tef ɗin awo, da mai cike fom, da mai ɗaukar hoto, sau da yawa da wakilin mai unguwa. Za su rubuta lamba a bango, su tsayar da kai a gabanta su ɗauki hoto. Wannan lambar ita ce sunanka daga ranar, ka rubuta ta a bangon jakar takardunka.

Ka kasance a wurin da kanka. Kada ka bar wa yaron shago, domin shi bai san an haƙa sokawe a bayan ɗakin ajiya ba. Mutanen nan suna da gidaje da yawa a gabansu, rana na dukansu, abin da ido ya gani daga ƙofa shi za su rubuta su wuce. Aikinka ne ka bi su da ladabi kana nunawa: "Yallaɓai, a taimaka a leƙa baya, akwai rijiyar burtsatse da tanki." Ka nuna tayil, ka nuna silin, ka faɗi ko na roba ne ko na fiyofi, ka nuna ƙofar ƙarfe da tagogi, wayarin na cikin bango, daɓen intalok, katanga da get, masai, har darbejiya da mangwaron da ke tsakar gida. In bene ne ko an zuba dakin, wato rufin kankare, ana jiran ɗora bene, ka tabbatar an rubuta haka, domin ginshiƙinsa ba ɗaya yake da na ginin ƙasa ba. Faɗa da ɗaga murya ba sa ƙara ko bulo ɗaya a fom.

In layin ya ratsa shagon ne ya cinye rabi, ka roƙi a rubuta halin da ragowar zai shiga. Shagon da aka yanke wa gaba ya rage taku huɗu ba shago ba ne kuma, sannan sake yi masa fuska da ƙofa da gyaran rufi duk kuɗi ne.

Kafin ka sa hannu, ka karanta. In da Turanci ne ba ka gane ba, ka kira wanda zai karanta maka. Fom ɗin da aka bar gurabensa fayau aka ce "sa hannu, za mu cike a ofis", ka ba da haƙuri ka ce a cike a gabanka. Ka ɗauki hotonsa bayan an gama.

Kana da damar ɗaukar naka mai ƙiyasin, kuma in ginin babba ne ina ba da shawarar haka. Ka nemi wanda ke da rajista da hukumar ESVARBON mai yi wa masu ƙiyasin gidaje da filaye rajista, ka ga lambar rajistarsa da idonka. Yawanci ladansu kaso ne daga diyyar, don haka ku yi ciniki a rubuce. Za su kawo maka takardar wakilci ka sa hannu: ka duba da kyau ta ce zai wakilce ka wajen awo da tattaunawa, kuɗi kuwa asusunka za su shiga, ba nasa ba.

In kai ɗan haya ne

Mafi yawan masu shaguna da ƙananan ofisoshi a garin nan haya suke, kuma diyyar gini ga mai ginin take zuwa. Wani tela a layinmu ya kama shago ƙasa tsirara, ya sa tayil, ya yi silin, ya canza ƙofar katako da ta ƙarfe, ya biya hayar shekara. Da aka shafa fenti, duk waɗannan suka shiga lissafin mai gida. Ya same shi bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, ga rasit ɗin aikin da na yi, ga kuma sauran watannin hayata." Alhaji ya ce, "Haba ɗana, bari kuɗin su fito tukuna, ai ba za mu ɓata ba." Ba su ɓata ba ɗin, amma abin da telan ya samu a ƙarshe kyauta ce aka ba shi, ba haƙƙi ba, domin babu abin da aka rubuta.

Hanyar ita ce ku yi maganar kafin ranar ƙidaya, lokacin da shi ma mai gidan yana buƙatar ka buɗe shago ka nuna aikin. A rubuta abu uku a gaban shaidu biyu: za a mayar maka da hayar watannin da ba ka zauna ba daga ranar da ka fita, gyaran da ka yi da kuɗinka, ko a biya ka kaza daga diyya, ko ka cire abinka, sannan wa ke da ƙofa da kanta da wayoyi. Ka kuma nemi masu ƙidaya su rubuta sunanka da sana'arka a matsayin wanda ke cikin shagon. Ko da ba a biya ka komai ba, wannan rubutun ne shaidarka in an zo rabon sabon wuri. Duk mai shirin kama haya yanzu a titin da ake raɗe-raɗin za a faɗaɗa, ya sa wannan sharaɗi a yarjejeniya tun farko, ya kuma guji biyan shekara biyu a dunƙule.

Kuɗin wa ake aikin da shi?

Ka karanta allon da ɗan kwangila ya kafa a bakin aiki. In akwai hannun Bankin Duniya a ciki, kamar ayyukan zaizayar ƙasa da magudanan ruwa na shirin ACReSAL, ko na NEWMAP a baya, to lissafin ya sauya, kuma ya sauya ta inda zai amfane ka. Ƙa'idar bankin ta ce a biya cikakken kuɗin sake gini ba tare da cire tsufa ba, a biya kafin a karɓi wurin, a biya ɗan kasuwa ribar da ya rasa lokacin ƙaura da kuɗin kwashe kayan aikinsa, har wanda ba shi da takardar fili a taimaka masa ya sake tsayawa. Irin wannan aiki yana da kundin sake tsugunarwa da kwamitin sauraren koke. Yana kuma da ranar rufe ƙidaya, wanda ya zo ya kafa rumfa bayanta ba shi da komai. A nan littafin cinikinka ke aiki: wanda ke rubuta shiga da fita kullum, ko cinikinsa ke bi ta asusun banki, shi ne zai iya nuna abin da ya rasa.

In abin da aka rubuta maka bai yi ba

Ka rubuta koke, kada ka tsaya a maganar baki. Shafi ɗaya ya isa: sunanka, lambar da ke bangonka, unguwa da titi, abin da aka tsallake ko aka auna ba daidai ba, abin da kake nema, sai lambar waya. Ka liƙa hotuna da ƙiyasin naka mutumin. Ka yi kwafi biyu, ka miƙa ɗaya a ma'aikatar filaye, ɗayan a buga maka tambarin karɓa da kwanan wata ka dawo da shi. Wasiƙar da ba ta da wannan tambari, ranar da aka ce ba a gan ta ba, ba ka da ta cewa.

Sashe na 30 na dokar filaye ya ce saɓani a kan yawan diyya ana kai shi gaban kwamitin amfani da rabon filaye na jiha. In abin jinkiri ne ko an yi shiru da kai, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, kuma ba a biyan ko kwabo. Kotu ita ce ta ƙarshe. Dokar filaye ta yi ƙoƙarin hana kotu shiga batun yawan diyya, kundin tsarin mulki kuma ya buɗe ƙofar, don haka wannan mataki sai da lauya. Kafin ka karɓi kuɗin da ba ka gamsu da su ba, ka duba ko takardar karɓar ta ce ka yafe duk wani neman ƙari.

Ku tafi a ƙungiya. Mutum talatin na layi ɗaya da shugaba da magatakarda ana ba su kujera, mutum ɗaya kuwa a baranda yake wuni.

Sabon wuri

Sashe na 33 na dokar filaye ya ba gwamna damar ba da wani matsuguni a maimakon diyya, amma a kan gidan zama yake magana, kuma in ka karɓa an ɗauka an sallame ka. In sabon ya fi tsohon daraja, bambancin bashi ne a kanka. Shago ko rumfa a sabuwar kasuwa kuwa ba dole ba ne a doka, roƙo ne da tattaunawa, shi ya sa ƙungiya ke da amfani. Ku nemi a ba waɗanda aka tayar fifiko a rubuce, da sunayensu, kafin a fara gini. Waɗanda gobarar Babbar Kasuwa ta Maris 2021 ta shafa za su gaya maka muhimmancin sunanka ya kasance a jerin farko. In an ba ka takardar rabo, ka je ka ga lambar a jikin ginin, ka tambayi kuɗin shekara, ka tambayi ko an yarda ka ba da haya.

In da kanka za ka nema, kada kyan sabon titi ya ruɗe ka. An buɗe hanyar kewaye ta gabas mai kilomita 24 a 2025, kuma filayen gefenta sun yi kuɗi, amma titin da mota ke gudu a kansa ba lalle ne ya kawo mai saye ba. Haka gadar ƙasa: ka tsaya a Ƙofar Ƙaura ko Ƙofar Kwaya ka lura, motar da ta nutse ƙasa ba ta ga allon shagonka ba balle ta tsaya. Ka tambayi kanka wa ke saye a wurinka, kuma me ke kawo shi unguwar. Irin sana'ata tana bin ɗalibi da ma'aikaci ne, shi ya sa hanyar Dutsin-Ma, inda jami'o'i da kwalejoji suke, ta cika da mu. Mai kayan lefe ko na ɗinki kuwa cikin gari ne rayuwarsa, inda mata ke shiga da ƙafa daga wannan shago zuwa wancan. Ka je wurin da kake so da safe, ka koma da yamma, ka koma ranar Juma'a. Ka duba in akwai shinge a tsakiyar titi, domin shagon da sai an je shataletale an juyo kafin a iso shi ya rasa rabin masu zuwa. Ka tambayi maƙwabta halin wuta da inda ruwa ke kwanciya da damina.

Ra'ayina, in ragowar tsohon wurin zai gyaru, ka daure ka zauna. Ƙurar aiki ta wata da watanni ce, kuma cikin gari ba ya farfaɗowa da kwalta kaɗai sai masu shaguna sun dawo sun buɗe.

Tallafin sana'a

Nan ne za ka iya samun abin cike giɓin ƙaura, in ka riga ka shirya. Gwamna Raɗɗa ya shugabanci SMEDAN, hukumar tarayya mai bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, daga 2016 zuwa 2022, kuma gwamnatinsa ta kafa KASEDA don ƙananan sana'o'i a jihar, to ofishinsu ne wurin fara tambayar abin da ke buɗe. Rajistar SMEDAN ta intanet ake yi, a ba ka lambar shaida. Bankin Masana'antu yana da rance ga masu ƙananan sana'o'i, kuma ta hannunsa aka biya tallafin naira 50,000 na gwamnatin tarayya a 2024, wanda sai da NIN da BVN. Shirin NG-CARES, da Bankin Duniya ya sa wa dala miliyan 750, yana da ɓangaren da ke taimaka wa ƙananan sana'o'i da kuɗin gudanarwa da kayan fasaha. Irin waɗannan shirye-shirye buɗewa suke su rufe, wani lokaci cikin 'yan makonni, don haka a same ka da rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista), lambar haraji, asusun banki na sana'a daban da na cefane, da bayanan asusun na watannin baya.

Wajen cike fom, kada ka rubuta "ina neman jari". Ka rubuta abin da za ka yi da kuɗin da farashinsa: hayar sabon shago, kanta, sola da batir, dakon injuna. Ka liƙa sanarwar tashin da aka ba ka. Ka kuma karanta da kyau ko kyauta ce ko rance, domin ina ganin mutanen da ke karɓar rance da sunan rabonsu ne na gwamnati, sai ranar da banki ya shiga asusunsu. Duk wanda ya kira ka ya ce ka turo kuɗi a sa sunanka, ko ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka a waya, ɓarawo ne, kashe wayar.

Sauya adireshi da kwashe kaya

Wannan ɓangaren ba shi da wuya, mantuwa ce ke kawo matsala. Ka sanar da CAC sabon adireshi ta shafinsu, ka fara biyan bayanan shekara-shekara in ana bin ka. Ka sanar da banki da hukumar tara haraji ta jiha. Mai POS ya tuntuɓi kamfaninsa, domin tun 2025 Babban Banki ya ce a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Mai kemis ya sani lasisinsa na wurin ne, sai ya nemi amincewar hukumar PCN mai kula da harkar sayar da magani kafin ya buɗe a wani gu. Ka je ofishin KEDCO na yankinku ka rufe lissafin tsohon wuri, kada ka ciro mita da kanka ka tafi da ita. A sabon wurin kuma ka duba bashin da ke kan mitar kafin ka biya haya.

Ka tambayi jami'an aikin ko an yarda ka cire kayan gininka bayan ƙiyasi, kuma zuwa yaushe. In an yarda, ka kawo kafinta da mai walda tun kafin katafila ta iso layin: kwano da katakon rufi, ƙofofi, tagogi, wayoyi, tanki, duk suna da amfani a sabon wuri ko a kasuwar 'yan gwangwan. Kada ka taɓa komai kafin a gama awo da hoto. Kayan da ba sa son jijjiga, kwamfuta, injin hoton kwafi, keken surfani, firji, ka kai su da kanka a mota, sauran a ɗora a akori-kura. Lambar wayar shago kada ka canza ta. Tun saura wata guda ka fara gaya wa duk wanda ya shigo, ka sa a WhatsApp, ka gyara alamar shagon a taswirar Google. Ka yi ƙaramin allo da sabon kwatance da lambar waya, ka roƙi maƙwabcin da rusau bai shafa ba ya rataye maka a jikin shagonsa. Littafin bashi kuma ka bi shi gida-gida kafin ka tashi, domin mai bashin da ya zo ya tarar da fili ba ya neman inda ka koma.